Bayani a Kan Tsare Dinya da Kaji a Gida Sa'ad da Murar Tsuntsaye Ta Sauka

Al'adar kiwon kaji a ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, ita ce da gari ya waye uwargida ta buɗe akurki, ta watsa ɗan tsaki ko dusa a tsakar gida, sa'an nan ta bar dukiyarta ga Allah: kaji su nufi juji da gindin rumbu, zabi su faɗa gonaki, agwagi da dinyoyi kuwa su jeru su yi kududdufi ko fadama, ba mai sāke tunawa da su sai rana ta yi ja sun komo don kansu. Kiwo ne mai ƙarancin wahala da yawan albarka, wanda da shi ake fita kunyar baƙo, a sayi littafin yaro, a biya kuɗin magani. Amma kuma shi ne kiwon da ya fi kowane buɗe ƙofa ga annobar nan da ake kira murar tsuntsaye, domin tsuntsun da ya wuni yana yawo ba mai iya shaidar inda ya sha ruwa ko da wa ya yi kiwo. Saboda haka duk sa'ad da hukuma ta yi shelar cewa cutar ta ɓulla a wani yanki, abin da likitocin dabbobi ke fara umurni da shi shi ne a tsare tsuntsaye a gida. Umurnin gajere ne a baki, amma aikinsa da tsawo, gama wanda ya tsare tsuntsu ya raba shi da ciyawa da ruwa da tsakuwa da ƙura da inuwa waɗanda daji ke ba shi kyauta, ya kuwa zama tilas a kansa ya kawo masa su duka da hannunsa, kullum, har ranar da za a sake shi.

Kafin a shiga yadda ake yi, ya kamata mai kiwo ya san abin da yake gudu. Irin cutar da ya fi ɓarna, wani reshe na wanda masana suka laƙaba wa suna H5N1, a jikin dinyar gida aka fara gano shi, a lardin Guangdong na ƙasar Sin, cikin shekarar 1996. Shekara guda bayan haka ya kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, har hukumar wurin ta hallaka kajin garin gaba ɗaya. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da shi a wata babbar gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka gan shi a nahiyar Afirka, kafin watan ya ƙare kuma aka same shi a jikin agwagi a wajen Magarya, cikin Jamhuriyar Nijar. Daga nan zuwa 2008 ya taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan guda suka mutu ko aka kashe su, ya yi shiru, ya komo a Janairun 2015 ta Kano da Legas, ya sāke tasowa a 2021. Mai lura zai ga galibin waɗannan watanni na hunturu ne, ba kuwa a banza ba: a lokacin ne agwagin daji ke baro sanyin Turai da arewacin Asiya su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, su cuɗanya da kirinjijiya da dinyar daji ta gida, a lokacin ne kuma ƙwayar cutar ta fi daɗewa da rai, tun da yake a cikin kashin tsuntsu mai danshi tana iya wuce wata guda in akwai sanyi sosai, alhali a zafi mai tsanani ba ta cika wuce mako ba.

Amma fa kada a ɗora laifin duka a kan tsuntsun sama. Shi yakan kawo ta bakin ruwa ne kawai. Abin da ke ɗauke ta daga nan ya kai ta gida gida, gari gari, shi ne takalmin mutum, da tayar babur, da kejin dillali, da kiret ɗin ƙwai, da buhun takin kaji da aka sayo don fadama, da kazar da aka samu da araha a kasuwa ba a tambayi dalilin arahar ba. Cutar tana fita ne ta kashi da majina da yawu, ta zauna a ruwa da laka da gashin tsuntsu. In an fahimci wannan, an fahimci maƙasudin tsarewa: a raba tsuntsun gida da kashin tsuntsun daji da ruwan da ya taɓa, a kuma raba shi da ƙafar da ta taka wani wuri. Shingen da bai cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba, ko da ya kai ganuwa tsawo, bai tsare kome ba.

Na san akwai waɗanda zukatansu ba su natsu da wannan ba, suna ganin abin da aka ƙaddara zai mutu ko an sa shi a akwati sai ya mutu. Gaskiya ne ƙaddara ba ta kuskure, sai dai malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana kore riƙo da sababi ba. Ingantaccen hadisi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudu. Da shi ne Sayyidina Umar ya yi aiki sa'ad da ya nufi Sham, labarin annoba ya tarye shi a hanya, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa Madina. Killace kaji reshe ne na wannan asali. Sai dai akwai wata mas'ala ta biyu wadda aka fi mantawa da ita, ita ce kuwa ta fi damuna a wannan bayani. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar ba ta da makiyaya. Wanda ya rufe tsuntsu kuwa da hannunsa ya kawar da makiyayar, saboda haka nafaƙa ta hau kansa ba makawa. Kowa kuma ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To, a shiga aikin da sanin cewa amana ce ake ɗauka.

Na ga abin da rashin sanin wannan ke jawowa a gidan wata gwaggona, mace mai tattali da tausayi, wadda da jin shela a rediyo ta tattara kajinta da agwaginta da 'yan tsaki ta zuba su a wani tsohon ɗaki marar taga, ta aje musu kwanon ruwa, ta ja ƙyaure. Agwagi suka kifar da ruwan, ƙasa ta zama caɓi, wari mai yaji ya cika ɗakin har idanun kajin suka kumbura, manya suka tattake ƙanana. Kafin kwana goma ta yi asarar da ta sa ta kuka, alhali murar ba ta ko shigo unguwarsu ba. Niyyarta kyakkyawa ce, abin da ya rage mata shi ne wanda zai gaya mata cewa tsuntsun ruwa da na tudu ba a haɗa su ɗaki guda. Dalilin rabawar ma ya wuce caɓi: agwagwa takan ɗauki ƙwayar cutar ta yi ta yaɗa ta tana tafiyarta lafiya lau, kaza da talotalo kuwa in ta shige su sukan ƙare cikin kwana biyu. Don haka shinge biyu za a yi, kowane da kwanon ruwansa da tsintsiyarsa, a bar rata tsakaninsu gwargwadon abin da filin gida ya bayar.

Wajen ginin, a fara da rufi, domin daga sama kashin tsuntsu ke faɗowa. Ba a bukatar kashe dukiya: rumfa ce irin wadda kowane magidanci ya iya kafawa, da dirkoki da azara, a rufe ta da tsohon kwano ko tamfol, ko zana mai kauri wadda aka shimfiɗa wa leda a ƙarƙashi, a kuma guji kafa ta a gindin darbejiya ko tsamiya ko kowace itaciyar da balbela da hankaki ke kwana. Gefuna kuwa a zagaye su da ragar waya ko tsohuwar ragar kamun kifi da aka wanke aka shanya, wadda idonta bai fi milimita 25 ba, watau kamar faɗin babban yatsa, don kada ƙananan tsuntsaye masu bin hatsi su kutsa. Gefen gabas da arewa, inda iskar hunturu ke bugowa, a kare shi da zana daga ƙasa zuwa ƙugu, a bar sama a buɗe da raga, gama tsuntsu ya fi jimrin sanyi bisa ga jimrin iska marar fita, musamman in an shiga bazara rana ta fara dukan kwano. A bi gindin shingen a toshe kowace kafa da laka ko duwatsu saboda ɓera da gafiya, waɗanda su ma sukan jawo cutar a ƙafafunsu. Kafin a shigar da tsuntsaye a share wurin, a kankare tsohon kashi, a bar rana ta dake shi, sa'an nan a shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko dusar katako mai kauri kamar faɗin tafin hannu. Game da faɗi, babbar dinya kada a ba ta ƙasa da murabba'in mita guda, agwagi biyu su raba irin wannan, kaji uku ko huɗu haka nan. In an sami fiye da haka ya fi, in kuwa fili bai isa ba, gara a rage garken tun suna da lafiya, a yanka a ci a gida, da a cusa su su kashe juna.

Yanzu sai dinya, wadda ita ce mafi wuyar tsarewa cikin tsuntsayen gida duka, domin a yanayin kiwonta ta fi kusa da tunkiya bisa ga kaza. Kaza mai tono ce, abin da ta samu ta ci. Dinya kuwa makiyayiya ce, bakinta mai ƙaya-ƙaya an yi shi ne don tsinkar ciyawa, takan wuni tana tafe tana tsinka, in aka raba ta da ɗanyen ganye aka bar ta da tsabar hatsi kaɗai sai ta yi ƙiba marar amfani, ko ta ƙi ci ta rame, ta shiga cin shimfiɗar ɗakin da fizgar gashin 'yan'uwanta. Saboda haka ganye a wurinta rukuni ne na abinci, safe da yamma. Ga wahalar kuwa: lokacin rani ne, ɗanyar ciyawa ba ta samuwa sai a fadama da bakin ruwa, can kuwa shi ne masaukin tsuntsayen da ake gudu. Mai hankali ba zai tsare dinyarsa daga fadama ba sa'an nan ya yanko fadamar ya kawo mata har ɗaki. A nemi ganyen cikin gida da na lambun da ake ba ruwan rijiya: zogale, alayyafo, ganyen dankali, ɓawon kabeji da latas, a wanke su da ruwa mai tsabta, a yayyanka gajere kamar tsawon yatsa, domin doguwar ciyawar da aka yanko takan dunƙule ta toshe mata ciki, ko kuwa a ɗaure ganyen dami a rataya daidai tsawon wuyanta ta riƙa fizga, wanda ya fi kama da kiwon da ta saba, ya kuma cinye mata lokaci. Harawar wake ko ta gyaɗa mai kyau, in aka daka aka jiƙa aka gauraya da dusa, tana toshe gurbi. Wanda yake so ya sami ɗanyen tsiro a ɗaka yana iya jiƙa alkama ko masara kwana guda, ya baza a faranti mai huji a inuwa, yana yayyafa ruwa, cikin mako guda ya sami abin da zai yanka. Amma kada ya yi haka da dawa, domin tsiron dawa yana da dafi, kamar yadda kowane makiyayi ya san gyauronta na kashe saniya.

Ruwa shi ne mas'ala ta biyu, a nan ne kuma aka fi yin kuskure ta fuska biyu: ko a hana ta ruwa sai ɗan kwano don gudun caɓi, ko a haƙa mata ƙaramin kududdufi don tausayi. Dinya tana iya yin watanni ba ta yi iyo ba, ba abin da zai same ta, amma ba ta iya yin kwana biyu lafiya ba ta tsoma kai da wuya gaba ɗaya cikin ruwa ba, gama da haka take wanke hancinta da idanunta, da haka kuma take haɗiye busasshen abinci. Abin da ya dace shi ne bokiti ko jarka da aka yanke samanta, mai zurfin da kai da wuya za su shiga amma jiki ba zai shiga ba, a zaunar da shi cikin tsohuwar taya don kada ta kifar, a kan ɗan ramin da aka cika da tsakuwa domin abin da ya zube ya tsotse. Ruwan kuwa na rijiya ne ko burtsatse ko famfo, ban da na kududdufi da gulbi da tafki, ko da ya yi garau a ido. A sauya shi sau biyu a yini, a zubar da tsohon a rami cikin gida, kada a sake shi ta kwata ya bi lungu inda kajin maƙwabta ke sha. Sau ɗaya ko biyu a mako a shigar musu da baho da hantsi, su yi wanka su gyara gashinsu, da sun gama a ɗauke. Duk inda shimfiɗa ta jiƙe a kwashe ta a ranar, a zuba busasshiya, domin shimfiɗa mai fumfuna tana haifar da ciwon huhu mai wuyar magani, wanda ba ya bukatar wata annoba ta zo daga waje.

Akwai kuma halinta, wanda ya kamata a yi masa adalci. Dinya tsuntsuwa ce mai riƙe al'ada da zumunci, ta san mai ita, ta san hanyar kiwonta, a kwanakin farko za ta yi ta kai da komo a bakin raga tana kuka har maƙwabta su gaji. Wannan ba ciwo ba ne, zai kuwa lafa cikin mako guda in an tsayar mata da lokacin abinci ba a saɓa ba. Kada a kama ta da kokawa ko a ɗaga ta ta ƙafa, domin ƙafafunta ba su da ƙarfin ɗaukar nauyinta a rataye. A kora su a hankali da doguwar sanda da almuru, lokacin da suka saba komowa, abinci na jiransu a ciki. Kada a raba namiji da matarsa, amma in maza biyu suka fara faɗa, kamar yadda sukan yi lokacin ƙwai, a gitta zana tsakaninsu, kowane da nasa kwano. Agwagwarmu ta gida kuwa, wadda macenta ke tashi ta hau katanga, a rage mata dogayen gashin fiffike guda da almakashi, ban da gashin da ke sabon tsiro mai jini.

Kaji sun fi sauƙi, muddin ba a bar su zaman banza ba, gama kazar da ba ta da abin tono sai ta tona jikin 'yar'uwarta. A watsa ɗan hatsi cikin shimfiɗa su wuni suna nema, a aje kasko ko rabin jarka cike da busasshen yashi da toka don wankan ƙura, wanda shi ne maganinsu na ƙwarƙwata, a gitta sanduna don kwana, a sa tsohon kwando a lungu mai duhu don masu ƙwai. Mai 'yan tsaki a kife ta da nata akurki a ciki. Zabi, waɗanda rabinsu na daji ne, da dare ake kama su a inda suke kwana, a kuma tabbata rufinsu ba kafa. Tattabaru in ba a iya rufe su ba, aƙalla a hana su sauka a kwanon kaji.

Abinci shi ne inda aljihu zai ji, ba kuwa amfani a ɓoye wannan. Babbar kaza a tsare tana bukatar kimanin giram 100 a yini, abin da bai cika gwangwanin madara ba, dinya kuwa wajen ninki biyu na haka ban da ganye. Hatsi da dusa kaɗai ba su isa ba, tun da an raba su da fāra da tsutsa da gara; a riƙa ƙara dakakken ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken soya ko garin ƙananan kifi, kamar kashi ɗaya cikin biyar na abincin, da ƙonannen ƙashi ko gasasshen ɓawon ƙwai da aka daka saboda masu ƙwai, da kwano guda na ƙananan tsakuwa da aka wanke, domin tsuntsu ba shi da haƙori, da tsakuwar da ke ƙundunsa yake niƙa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kada a ce a ba tsuntsaye don gudun asara. Dafinta yana lalata hanta, 'ya'yan agwagwa kuwa sun fi kowa saurin mutuwa da shi. Abinci da ruwa duka a ƙarƙashin rufi za a aje su, buhun dusa a rufe, abin da ya zube a share kafin dare.

Duk wannan wahala tana iya rushewa a bakin ƙofa cikin daƙiƙa guda. A zaɓi mutum ɗaya a gidan ya zama shi kaɗai ke shiga, a ware masa takalmin roba wanda ba ya fita daga bakin shingen, da tsohuwar riga da ake ratayewa a nan, ya wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita, ya fara da kaji ya ƙare da tsuntsayen ruwa. A aje kasko da ruwan Izal ko na bilic a ƙofa, a riƙa sabunta shi kullum, a kuma kankare laka daga takalmi kafin a tsoma, domin magani ba ya ratsa ƙazanta, kamar yadda ba a samun tsarki sai an fara gusar da ainihin najasa. Ƙwayar cutar nan, duk da ɓarnarta, sabulu da omo suna kashe ta. Dillali da baƙo da maƙwabcin da ya zo ganin yadda aka yi shingen, a karɓe su a zaure da fara'a, a ba su uzuri. Mai aiki a babbar gonar kaji, ko mai zuwa kasuwar kaji, ko mai farautar agwagin daji, ya sauya tufa ya yi wanka kafin ya kusanci wurin. Kada a sayo sabon tsuntsu a wannan lokaci, kada a ari zakara ko toro. In an kawo kyautar da ba ta mayaruwa, a aje ta can nesa ita kaɗai mako uku a ga halinta. Takin da aka kwashe daga shingen a tara shi wuri guda a rufe, ya yi zafi ya ruɓe wajen mako shida, kafin a kai gona.

In duk da haka aka wayi gari aka tarar da kaji da yawa sun mutu dare ɗaya ba wani ciwo da ya gabata, ko aka ga kai ya kumbura, zanko da leɓe sun yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu sun yi jajayen tabo kamar an ƙuje su, ga zawo kore, ƙwai ya tsaya, dinya ko agwagwa tana murɗa wuya tana juyi, to a rufe ƙofa a aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko mai unguwa nan take. Alamun suna kama da na annobar kajin da muka saba gani kowane hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasal, ido kuwa ba ya rarrabe su, sai an kai samfuri ɗakin bincike irin na cibiyar da ke Vom a Jihar Filato. Murar tsuntsaye ba ta da magani a jikin tsuntsu. Kafso da barkono da maɗaci ba su taɓa ta. Na san abin da zuciya ke rayawa a irin wannan safiya, watau a yi maza a yanka na yankawa, a kwashi sauran a kai kasuwa kafin labari ya bazu, na kuma san talauci ne ke kawo wannan tunani, musamman ga wanda ya tuna cewa diyyar da aka fara biya a 2006 naira 250 ce a kan kowace kaza. Amma sayar da abu mai aibi tare da ɓoye aibinsa algus ne wanda shari'a ta haramta, a nan kuwa aibin ba a kan mai saye kaɗai zai tsaya ba, zai bi kejin dillali ya shiga gidajen mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Diyya ma, in akwai, ga wanda ya kai rahoto ake biyanta.

Sa'an nan akwai ran mutum. Cutar ba ta cika kama ɗan Adam ba, amma cikin waɗanda aka tabbatar ta kama a duniya tun 2003 kusan rabi sun rasu, a Janairun 2007 kuma ta kashe wata matashiya a Legas. Haɗarin yana wajen yanka da figa da fiɗa ne, saboda haka tsuntsu marar lafiya ba a yanka shi, mushe kuwa dama haramun ne. Kada a taɓa gawa da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a rufe hanci da baki, a nisanta yara da masu ciki, in ma'aikata ba su iso da wuri ba a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, yadda kare ba zai tono ba, ban da jefawa a juji ko kududdufi. Nama da ƙwai na tsuntsu mai lafiya, in sun dahu sarai har ba sauran ja a jikin ƙashi, gwaiduwa kuma ta daskare, ba laifi a ci, gama zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar. Wanda ya taɓa tsuntsayen da suka mutu, ya ji zazzaɓi da tari ko jan ido cikin kwana goma, ya tafi asibiti ya faɗa musu abin da ya taɓa.

Tsawon tsarewar ba a hannun mai kiwo yake ba, yana kuma iya wuce yadda aka zata. A Ingila dokar tsare tsuntsaye da aka kafa ran 7 ga Nuwamba 2022 ba a ɗage ta ba sai 18 ga Afrilu 2023. A jira sanarwar hukumar dabbobi, kada a dogara da cewa mutuwa ta yi sauƙi a unguwa. In izini ya zo, a share tsakar gida, a cike ƙananan kwatamai, a bar rana ta daki wurin kwana biyu ko uku, sa'an nan a fara sakinsu da la'asar, sa'a guda kafin lokacin kwanansu, a riƙa ƙarawa kullum, domin cikin da ya daɗe bai ga ɗanyar ciyawa da yawa ba yakan ɓaci in aka sake shi gaba ɗaya. Dinyoyi da agwagi a sa yaro ya raka su da sanda, ya kauce da su daga fadama da bakin tafki har baƙin agwagin daji su tashi su koma arewa, wajen watan Maris zuwa Afrilu. Kwanoni da bokitai a wanke su da omo a shanya, dirkoki a bar su a kafe, raga da tamfol kuwa a naɗe a rataya a rumbu ko a saman ɗaki inda gara da ɓera ba za su kai ba, a sauko da su a duba ɗinkinsu da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa.